A Bar Masa Wurinsa A Sahun Wazifa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda da Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, ni ƙaramin almajiri ne, ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, mazaunin unguwar Talladje a nan Yamai. Ban kai in yi wa kowa wa'azi ba. Kuskure na yi aka gyara mini, na ga bai dace in riƙe gyaran ni kaɗai ba.

Ina da aboki da muka tashi tare tun makarantar allo. Shi bai yi nisa a boko ba, ya shiga aikin lebura a wuraren gini. A can aka koya masa shan tramol, wai don jiki ya jure ɗaukar bulo cikin rana. Ya fara da ƙwaya ɗaya, ya wayi gari ba ya iya tashi daga shimfiɗa sai da ita. Bara bayan azumi ya ƙudurta dainawa, ya fara zuwa wazifa a zawiyarmu bayan magariba, kullum kusa da ni yake zama. Ya yi wajen kwana 40 bai taɓa ba. Sai wani dare ya shigo idanu jajir, harshe ya yi nauyi. Na matsa gefe, bayan an shafa kuma na ce wa wani, yana ji: "Mai hali ba ya fasa halinsa."

Mako biyu ba mu gan shi ba. Muƙaddaminmu ya kira ni ya ce: "Ɗana, ina abokinka?" Na kwashe labari na faɗa masa, ina jiran yabo. Sai ya ce: "Bayan Fatiha, me muke fara karantawa a wazifa?" Na ce: "Istigfari, Malam, ƙafa 30." Ya ce: "To wa ke neman gafara in ba mai laifi ba? Tashi ka je ka nemo shi."

Daga wannan tambaya na koma karatu, ga abin da na samo.

Darasi na farko: zunubi bai kore soyayya

Imamu Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RTA) labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Himar. Mutum ne mai barkwanci, yakan sa Manzon Allah (SAW) dariya. An jarrabe shi da shan giya, an sha kawo shi ana yi masa bulala. Wata rana da aka sake kawo shi, wani daga cikin jama'a ya tsine masa saboda yawan maimaitawa. Nan take Annabi (SAW) ya hana tsinuwar, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ta Abu Huraira (RTA), da aka yi wa wani mashayi mugun baki, Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu.

Mu duba da kyau. Hukunci ya tabbata, giya haramun ce, ba a sassauta ba. Amma mutumin bai fita daga sahun masoya ba. Mu da muke cewa an gina ɗariƙarmu a kan son Annabi (SAW), mu ne muka fi cancanta mu riƙe wannan hadisi. Burin Shaiɗan ga wanda ya faɗi shi ne ya yanke ƙauna, ya ce ni dai na riga na lalace. Maganar da na yi a daren nan aikin Shaiɗan na ƙarasa masa.

Darasi na biyu: tarbiyya daki-daki ce

Allah bai haramta giya a rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, aka hana kusantar salla cikin maye. Sai a Suratul Ma'ida, aya ta 90, aka yanke ta gaba ɗaya. Nana A'isha (RTA) ta yi bayani cewa da hanin giya ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su bari ba. Sai da aka gina imani a zukata tukuna. Hukuncin ya riga ya kammala, babu mai cewa yau a sha kaɗan. Abin da ya rage mana a ciki shi ne sanin halin rai: abin da ya shiga jini ba ya fita da tsawa.

Malamanmu na tasawwufi suna karantar da mu martabobin rai: mai umurni da mummuna, mai zargin kanta, da mai natsuwa. Wanda ya sha ya kwana yana kuka, ya tashi ya sake ƙudurta bari, yana mataki na biyu, kuma da wannan rai mai zargin kanta Allah ya rantse a farkon Suratul Ƙiyama. Tuba ita ce maƙamin farko a tafiya zuwa ga Allah. Bishrul Hafi, babban waliyyin Bagadaza da ya rasu a shekara ta 227 bayan Hijira, littattafan tarihin sufaye sun ce cikin sharholiya ya taso. Ya tsinci takarda mai sunan Allah a ƙasa, ya ɗauka ya shafa mata turare, Allah ya ɗaukaka sunansa. Da mutanen zamaninsa sun rufe masa ƙofa fa?

Darasi na uku: ciwo ne, a nemi magani

Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin opiyom. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini, amma wanda ake sayarwa a ɓoye akan samu ƙwaya ɗaya mai 200 ko 225 ko 250. Idan jiki ya saba, ranar da aka rasa sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, rashin barci da firgici su taso. Yawansa kuma yakan jefa mutum cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa ko diyazefam, yankewa farat ɗaya na iya kai shi ga halaka, sai a rage a hannun likita. Da na san wannan a lokacin, da na gane irin yaƙin da abokina ya yi a kwana 40 ɗin nan.

Matsalar kuma ba ta gida ɗaya ba ce. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na wiwi a nan Yamai. A Najeriya, rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da su, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Ke nan 'yan'uwanmu mata ma suna ciki, sai dai nasu ya fi ɓoyuwa saboda kunya. Wannan aiki ne ga muƙaddamai mata da iyayenmu na zawiya.

Zikiri yana wanke zuciya, likita yana duba jiki, kuma Annabi (SAW) ya umurce mu da neman magani. A Babban Asibitin Ƙasa na Yamai akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sani da Pavillon E. Mutane na gudunsa don kada a ce mahaukaci. Raka ɗan'uwa can ibada ce. Ɗauri da mari da duka kuwa ba magani ba ne. Mun ji yadda a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Kaduna, da yawansu da tabon azaba.

Abin da ya hau kanmu

Mu bar masa wurinsa a sahu. Idan ya zo cikin maye, mutum ɗaya ya ja shi gefe cikin sirri ya raka shi gida, gobe a je a ɗauko shi. Mu rufa masa asiri, kada labarinsa ya zama abin hira a fada wajen shan shayi. Mu cike masa lokutan da ya saba sha, musamman tsakanin isha'i da tsakar dare. Mu ba shi hidima, ko shimfiɗa tabarma ce ko ɗebo ruwan alwala, don wanda aka ba amana yakan ji shi ma mutum ne. Idan ya nemi kuɗi, mu saya masa abincin ko maganin da kanmu. Tausayi bai hana faɗin gaskiya, amma a faɗa masa shi kaɗai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na je na same shi a ɗakinsa, na ce: "Ɗan'uwa, ka yafe mini." Ya yi shiru, can ya ce: "Na ɗauka kun gaji da ni." Tun daga nan ya sake faɗuwa sau biyu, ya kuma tashi sau biyu. Yau wata biyar ke nan yana riƙe, yana ganin likita, shi ke share zawiya ranar Juma'a kafin zikiri. Gobe ta Allah ce.

Kai kuma ɗan'uwa da kake karanta wannan kana cikin wannan yaƙi, aya ta 53 ta Suratuz Zumar da ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, da kai take magana. Idan ka faɗi da dare, tashi da asuba ka yi alwala ka zo. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya yaye wa duk wanda aka jarraba, ya ba iyayensu haƙuri, ya tsare mu daga ganin kanmu sama da kowa, alfarmar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.