Kwayil Ɗin Tesla da Matsalar Fassara Kalma Guda

Wannan ɗan bayani ya samo asali ne daga aikin fassara da aka ba mu a aji, inda na ci karo da sakin layi a kan wata na'ura mai suna kwayil ɗin Tesla. Da yake Hausa ba harshen uwa ba ce a wurina, na ɗauka gazawata ce ta sa na cije. Daga baya na gane cewa ban fahimci na'urar ba ne.

Da na je hutu Kujama sai na zauna wurin wani bakanike mai gyaran babur a bakin hanyar Kaciya. Ya nuna mini kwayil, wato waya siririya da aka nannaɗe, wadda ke ɗaga ƙarfin wuta zuwa bolt dubbai domin fulogi ya yi tartsatsi. A tsofaffin injuna, kontak ne ke buɗewa yana rufewa, ƙarfe na taɓa ƙarfe har ya cinye. A baburan yanzu kuwa wani ɗan baƙin akwati da suke kira si-di-ai ne ke aika wutar bugu-bugu, babu abin da ke motsi a cikinsa.

Irin wannan sauyi ne ya sami na'urar da Nikola Tesla ya ƙirƙira a Amurka a 1891. Naɗi biyu gare ta: na farko zagaye kaɗan ne na waya mai kauri, na biyu kuma yakan kai zagaye 1,000 na siririya. A zamanin Tesla, tartsatsi mai tsallaka rata ne ke kunna wutar yana kashewa. Bayan an ƙirƙiro tiransista a 1947, sannu a hankali aka sami masu jure wuta mai yawa, suka karɓi aikin.

To, ga inda gizo ke saƙar. Naɗi na biyu yana da saurin kaɗawa irin nasa, sau da yawa fiye da sau 100,000 a daƙiƙa guda, alhali wutar gidajenmu sau 50 take yi. Mai karatu ya tuna da lilo: in ka tura yaro daidai lokacin da ya fara komawa, ƙaramin turi ma sai ya riƙa ɗaga shi sama, in ka saɓa lokaci, lilon ya bangaje ka. Haka tiransista take. Idan bugunta ya dace da kaɗawar naɗin, wuta na taruwa har ta keta iska, wadda ke buƙatar kimanin bolt 30,000 a kowace santimita. Idan ya saɓa, ita ce ke iya ƙonewa. Shi ya sa masu haɗa na'urar kan sa da'irar ta riƙa jin kaɗawar naɗin tana bin ta.

Wannan dacewa ita Turawa ke kira rezonans. Wani abokina ya fassara ta da amsa-amo, amma mu ɗaliban waƙa mun san kalmar tana da mai ita, wato ƙafiya. Amsa-kuwwa ma ba ta yi ba, domin kuwwa dawowa take yi tana raguwa, wannan kuwa ƙaruwa take yi. Ni dai na rubuta "dacewar kaɗawa". Malaminmu ya ja layi a ƙarƙashinta, ya tura ni in sake duba darasin furuci, inda tantanin maƙwallato ke aika iska bugu-bugu, kogon baki kuma ya ƙarfafa kaɗawar da ta dace da siffarsa, a sami wasali.