Kacici-kacici A Waya: Bellon Wurno Da Bellon Rabah

A gasar kacici-kacici ta WhatsApp, sunan Bello na yawan kayar da matasa, musamman masu kwafo amsar farko da Google ya nuna. Bello biyu ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya yi ribaɗi a Wurno, can ya rasu a 1837, kuma kabarinsa na can. Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, tattaɓa-kunnensa ne, a Rabah aka haife shi. Saboda haka mai bincike ya haɗa sunan da garin kafin ya latsa.

Tambayar Goronyo kuwa ba ta da tarko: madatsar ruwanta a kan Gulbin Rima take, an kammala gina ta a 1984.