Darasi na 12: Wutar Kara da Wutar Ƙirya

Akwai wani manomi a ƙasar Shanono, ya ba shekara hamsin baya. Yana noman gero da dawa da gyaɗa da wake. Mutum ne mai son zaƙi. Idan ya dawo daga masallaci da asuba, uwargida ta kawo koko, sai ya zuba sukari cokali uku. A kan hanyar gona ya ratse wurin mai shayi, a haɗa masa mai kauri, cokali huɗu. Da rana ya aiki yaro ya sayo masa lemon kwalba. Da dare a dama masa fura, a sa cokali uku.

Duk da haka, tun da hantsi sai jikinsa ya mutu. Fartanya ta yi masa nauyi, ya yi ta hamma a gindin bishiya. Shi a ganinsa zaƙin ne bai isa ba.

Wata rana ya kai jikarsa rigakafi, sai ya gaya wa malamar asibiti damuwarsa. Ta ce, "Baba, bari mu yi lissafi. Uku da huɗu nawa?"

Ya ce, "Bakwai."

Ta ce, "Lemon nan kuma yakan ɗauki kusan cokali goma. Ga uku na fura."

Ya ƙirga da yatsu, ya riƙe baki. Ya ce, "Ashirin! 'Yar nan, ni kaɗai nake shanye wannan a yini?"

Ta ce, "Kai kaɗai, Baba. Shi ya sa ƙarfinka yake tashi kamar wutar kara, ya mutu nan da nan."

Nawa ne ya isa?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha. Ga babban mutum, kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokalin shayi 12. Wanda ya iya tsayawa a giram 25, wato cokali 6, ya fi samun amfani. Cokalin shayi ɗaya yana ɗaukar kimanin giram 4, idan an shafe bakinsa ba a tula ba. Ƙwayar sukari ɗaya ta kwali ba ta gaza cokali ɗaya ba.

Zuma da mazarƙwaila suna cikin wannan lissafi. Haka alewa da nakiya da alkaki da tuwon madara, da sukarin da ke cikin zoɓo da kunun aya na sayarwa. Amma mangwaro ko gwaiba ko kankana da aka ci haka nan, ba a matse ruwansu ba, ba sa ciki. Zaƙin da Allah ya halitta a cikin nono ma ba ya ciki.

A nan Najeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da ire-irensa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne a rage yawan shansu.

Me ya sa zaƙi yake kawo kasala?

Kowace mace ta san bambancin kara da ƙirya a murhu. Kara yana kamawa bal-bal, ya cinye kafin tukunya ta tafasa. Ƙirya tana ci a hankali, garwashinta ya daɗe.

Sukarin da aka sha a ruwa yana shiga jini da sauri. Mutum ya ji ya wartsake. Sai jiki ya saki wani sinadari mai suna insulin, wanda yake kwashe sukari daga jini ya kai shi inda za a yi aiki da shi ko a ajiye. Ba da jimawa ba sukarin ya sauka, yunwa da kasala su dawo, rai ya sake biya wa mutum zaƙi. Haka za a yi ta zagaye har dare.

Gero da dawa da ba a surfe su fes ba suna narkewa sannu a hankali. Wake da gyaɗa da ƙwai da nono suna daɗewa a ciki. Su ne ƙiryar jiki. Su suke riƙe manomi daga huɗa zuwa firi zuwa maimai.

Illar yawan sukari

Na farko, yana cinye haƙori. Ƙwayoyin cuta na baki suna mayar da shi tsami, tsamin ya huda haƙori. Na biyu, abin da jiki bai yi aiki da shi ba yana zama kitse, ya kawo teɓa. Na uku, ƙiba da yawan shan kayan zaƙi suna kusantar da mutum ga ciwon sukari, musamman wanda ake da ciwon a danginsu ko wanda ba ya motsa jiki. Na huɗu, yana cin aljihu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yadda za a rage

1. Fara da ƙirga. Yi kwana uku kana rubuta kowane cokali a littafinka.
2. Rage cokali ɗaya kowane mako. Mai shan huɗu ya koma uku, sannan biyu, sannan ɗaya. Cikin 'yan makonni harshe yakan saba. Sannu ba ta hana zuwa.
3. Gaya wa mai shayi da bakinka cokali nawa kake so.
4. Kada ka fita gona da shayi zalla. Haɗa koko da ƙosai, ko ka ci ɗumame ko ɗanwake ko alale.
5. Mayar da ruwa abin shanka. Lemon kwalba ya zama na jefi-jefi.
6. Uwargida ta ƙara citta da kanumfari a zoɓo da kunu da fura. Ƙamshi da yaji suna rufe gurbin zaƙi.

Idan kwaɗayi ya taso

Fara shan ruwa, domin mai yiwuwa ƙishirwa ce. Sannan ka ɗan jira, ka kama wani aiki, sau da yawa yakan wuce. Idan yunwa ce ta gaske, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli da aya da dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale. Idan zaƙin dai kake so, ci gwaiba ko goruba ko dabino biyu zuwa uku. Kada ka tsallake abinci, kuma ka sami isasshen barci. Mai yunwa da mai gajiya su zaƙi ya fi ja.

Da azumi a yi buɗa-baki da dabino da ruwa. Da sahur a ci abinci mai riƙe ciki.

A kula da waɗannan

Kada a ba jariri komai sai nonon uwa har wata shida. Kada a ba shi zuma kafin ya shekara. Kada a saba wa ƙananan yara da alewa da lemo.

Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa magani ne, kada a daina shi.

Wanda yake shan maganin ciwon sukari kada ya sauya cimarsa sai ya ga likita. Idan ya ji karkarwa da gumi da jiri, mai yiwuwa sukarinsa ne ya faɗi. A ba shi abu mai zaƙi nan take, a kai shi asibiti.

Mai yawan fitsari da ƙishirwa, da rama ba dalili, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya je a gwada jininsa. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa.

Manomin nan ya bi shawara. Da kaka ta yi, sai uwargida ta ce, "Malam, kwalin sukarin nan har yanzu bai ƙare ba." Ya ce, "Ai ni ma ban ƙare ba. Jiya sai da na kai la'asar ina ɗaurin dawa."

Tambayoyi

1. Cokali nawa manomin yake sha a yini kafin ya rage?
2. Da cokali nawa ya wuce 12?
3. Rubuta abinci uku masu riƙe ciki.
4. Me za a yi wa mai ciwon sukari idan ya kama karkarwa da gumi?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, daga Faruruwa zuwa Kokiya, daga Tsaure zuwa Alajawa a ƙasar Shanono, abincin ƙarfi yana cikin rumbunanmu. Gobe da safe, idan ka ɗauki cokali, rage ɗaya. Ka koya wa iyalinka abin da ka karanta. Rigakafi ya fi magani.