Darasi: Diyyar Ma'aikacin Da Ciwo Ya Kwantar

Mutane da yawa sukan bar ƙauye su tafi birni aikin albashi. Wani a masaƙa, wani a kamfanin siminti, wani wurin fasa dutse. Wata rana ƙura ta lalata huhu, ko inji ya cinye hannu. Sai mutum ya dawo gida ya kwanta, ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce kam, amma yana da hakki.

A shekarar 2010 gwamnatin Nijeriya ta kafa dokar biyan diyya ga ma'aikata. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun. Mai kamfani ne ke zuba kuɗi, kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci.

Sharaɗi shi ne aikin ne ya jawo ciwon. Zazzaɓin da ya kama mutum a gida ba ya ciki.

Mai ciwo zai sanar da mai kamfani cikin kwana 14. In ba ya iya tashi, iyalinsa su kai labari. Mai kamfani kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7. Takardar neman diyya ta isa hukuma kafin shekara 1 ta cika.

Takardun asibiti su ne shaida. A adana su cikin leda, nesa da gara da ɗigar damina.

Wani mai kamfani yakan miƙa 'yan kuɗi, ya ce a dangwala yatsa an yafe. Doka ba ta yarda da wannan yafiya ba.