Yadda Ake Tsara Kayan Gida Ga Mai Tunani da Ido

Akwai mutanen da ƙwaƙwalwarsu ta fi riƙe abin da ido ya gani fiye da abin da aka faɗa musu ko aka rubuta, waɗanda da zarar an kulle abu a akwati ko an tura shi ƙarƙashin gado, to ya fita daga lissafinsu, har su je kasuwar Kwanar Dangora su sayo irinsa alhali yana gida. Ana yawan ɗora musu laifin sakaci, kuma wannan kuskure ne, domin matsalar tana ga tsarin ajiyar da aka gina a kan ɓoyo. Hausawa sun daɗe da maganinta a cikin jere, wato yadda ake shirya kwanuka da tasoshi da kumbuna a ɗakin amarya bisa girma da launi, ta yadda mai ɗakin za ta gane wanda aka ara da kallo ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne a fitar da wannan hikima daga ado zuwa kayan aikin yau da kullum.

Mataki na farko shi ne a fito da kayan wuri guda kaɗai, madafa ko ɗakin ajiya, a baje su a kan tabarma a tsakar gida da hantsi, a kasa su gida uku: na kullum, na lokaci-lokaci kamar kayan salla da na biki, sai wanda amfaninsa ya ƙare. Wanda ya ce zai yi wa gida duka a yini ɗaya, magariba za ta riske shi a tsakiyar tarkace.

Daga nan sai a ba kayan kullum mazauni tsakanin ƙugu da ido, a kan buɗaɗɗiyar kanta marar ƙofa, layi ɗaya tak, kada wani ya tsaya a bayan wani. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono da kanwa a juye su daga ƙullin baƙar leda zuwa kwalabe ko robobin da ake hango cikinsu, saboda mai girki ta ga kukar ta yi ƙasa tun kafin ranar kasuwa, ba sai tukunya tana kan wuta ba. Ludayi da muciya da mara da rariya kuwa ƙusa ce wurinsu, sannan ragaya, wato saƙar igiyar da ake rataye ƙwarya a ciki, har gobe tana da amfani, domin tana nuna abu kuma tana nisanta shi da ɓera da kaji.

Kayan gona sun fi cancantar a tsaya a kansu, ganin cewa gidajen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa gidajen manoma ne, kuma a kewayen madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aikin gona ba ya yankewa da rani. A kafa ƙusoshi a bangon zaure ko na rumfa, a rataye fartanya da garma da lauje da gatari, sannan a zagaye kowanne da alli ko gawayi har siffarsa ta fito a bango. Duk siffar da aka gani fayau da yamma, an san an baro kayan a gona ko yana hannun maƙwabci, kuma yaron da bai iya karatu ba ma zai mayar da lauje mazauninsa. Masana'antun Japan sun shahara da irin wannan allon zane na kayan aiki.

Buhunan kaka kuwa, tun da ba a ganin cikinsu, alama ake yi musu a waje. A ware wa kowane amfani launin ƙyalle guda da za a ɗaura a bakin buhu, misali ja ga masara, fari ga shinkafa, kore ga waken suya, kuma a yi wa buhun iri ƙulli biyu don kada a kai shi niƙa. Ga buhun PICS, wato buhu mai ruɓi uku da ke toshe iska har ƙwari su mutu, wannan ya zama dole, saboda yawan buɗe shi don leƙawa yana ɓata aikinsa, don haka sai a zuba 'yan ƙwayoyi a ƙaramar farar leda a liƙa a jikinsa. A ɗora buhuna a kan katako, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu da bango, musamman a Doguwa da Tudun Wada inda ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa, domin a riƙa hango hanyar gara da alamar danshi da wuri.

Takardu irin su katin zaɓe da na rigakafin yara da takardar gona a saka na kowane mutum a leda mai haske, a maƙala hotonsa a sama, a jera su a tsaye a cikin kwali ɗaya.

Wuri guda ne ƙa'idar buɗewa ba ta aiki: maganin ciyawa da na ƙwari, da kalanzir, da fetur, da magungunan asibiti. Waɗannan a bar su a mazubinsu na asali, kada a kuskura a juye su a gorar ruwa ko ta lemo, wadda yaro zai ɗauka abin sha ne, a kulle su a akwati a can sama nesa da hatsi, a shafa wa akwatin jan fenti don babba ya tuna da abin da ke ciki. Bayan mako biyu a sake duba gidan, duk abin da aka ga yana yawan komawa wani wuri da kansa, kamar tocila a bakin taga, to a kafa masa ƙusa a nan.