Kafin a dasa haƙorin sama

Mutumin Madawa, Buza ko Keita da turmin haƙorinsa na sama ya daɗe da fita, kada ya ɗauka dashe aikin yini ɗaya ne. Ƙashin wurin yakan zaizaye, kuma samansa akwai kogon iska mai haɗe da hanci. Likita zai ɗaga fatar kogon, ya cusa garin ƙashi, a jira kamar wata 6 kafin a kafa ƙarfen da zai riƙe sabon haƙorin. Zuwa Yamai ko Kano ba sau ɗaya ba ke nan, a tanadi guzuri.

Mai ciwon suga ya daidaita shi tukuna, mai shan taba ya bari. Bayan aiki, mako 2 ban da fyace majina. In atishawa ta zo, a buɗe baki. Ni dai ba zan zaɓi hunturu don wannan aiki ba, ƙurar yankin Adar ba ta barin hanci ya huta.