Yadda Ake Kammala Kwangilar Farautar Dodanni a Wasan The Witcher 3

Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan ne ya fitar da The Witcher 3: Wild Hunt a watan Mayun 2015, bisa littattafan marubuci Andrzej Sapkowski. A cikin wasan kai ne Geralt, maharbin da ke yawo gari gari yana kashe dodanni a biya shi. Babban labarin neman Ciri ne, yarinyar da ya rena, amma a gefen hanya akwai kwangilolin farauta da babu wanda ya tilasta maka karɓarsu. Mutane da yawa na wuce su don ɗokin ganin ƙarshen labari, alhali a cikinsu sana'ar Geralt take, kuma a nan ake samun kuɗi da kayan haɗa magunguna masu ƙarfi. Wasan na manya ne, akwai jini da abubuwan da ba su dace da yara ba.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, yawancin aikin kwangila yana ƙarewa kafin a zare takobi. Wanda ya gane dabbar da yake nema, ya shirya mata, faɗan zai zo masa da sauƙi. Ga yadda ake bi daki daki.

Mataki na 1: Nemo kwangilar

Kusan kowane ƙauye a White Orchard da Velen da tsibiran Skellige, har da unguwannin birnin Novigrad, yana da allon sanarwa. Je ka cire takardun da aka manna, kada ka bar ko ɗaya. Wasu tallace-tallace ne kawai, wasu kuma suna buɗe kwangila, sannan karanta allon yana fito da sababbin wuraren bincike a taswira.

Kafin ka tashi, buɗe jerin ayyukanka ka duba matakin da aka rubuta a gefen kwangilar, ka gwada shi da naka. Idan dodon ya fi ka da matakai da yawa, za ka ga jan ƙoƙon kai a samansa, kuma duka ɗaya ko biyu sun isa su kai ka ƙasa. Idan kuma ka bar kwangila ta daɗe har ka wuce ta nesa, makin gogewar da za ta ba ka ba zai taka kara ya karya ba. Ka fi cin riba idan ka yi ta lokacin da matakinku ya yi kusa.

Mataki na 2: Saurari mai kwangila, sannan ka yi ciniki

Mai kwangila zai ba ka labarin abin da ya faru. Kada ka yi saurin tsallake maganarsa. Tambaye shi yaushe abin ke fitowa, wa ya gan shi, ina aka tsinci gawa. Mutanen ƙauye sukan kira kowace halitta shaiɗan ko aljani, don haka sunan da suka ba ta ba abin dogaro ba ne, amma lokacin da wurin da suka faɗa sukan zama gaskiya.

A mafi yawan kwangiloli ana iya neman ƙarin lada. Za ka ga ma'aunin farashi da kuma ma'aunin fushin mai kwangila. Kamar ciniki a kasuwa ne: idan ka tsawwala tun tayin farko, ransa zai ɓaci, in kuma fushin ya cika sai ya tsaya a kan farashinsa na asali. Ɗaga kaɗan, in ya ce ya yi yawa ka sauko a hankali har ku daidaita.

Mataki na 3: Bi sawu

Da ka isa wurin da abin ya faru, kunna ji da ganin maharbi na Geralt. Duk abin da ya shafi binciken zai yi ja: sawun ƙafa, jini, gashin tsuntsu, yagewar farce a jikin itace, har da wari da ke tafiya a iska kamar zare. Taɓa kowace alama, ka saurari abin da Geralt ke faɗa wa kansa, domin a cikin wannan gunagunin yake bayyana irin dabbar.

Kwangilar Devil by the Well da ke White Orchard ita ce makarantar farko. Wani uba mai suna Odolan yana buƙatar ruwa mai tsabta don 'yarsa marar lafiya, amma fatalwa ta tare rijiyar wani ƙauye da aka ƙaurace masa. Sai ka karanta littafin tunawa da aka bari a ɗaki, ka zaƙulo ƙasusuwan wata mata da aka rataye a cikin rijiyar, ka nutsa ka ɗauko munduwarta, sannan ka ƙone su tare. Yin haka ne ke fito da fatalwar don ka yaƙe ta. Da binciken ne za ka san cewa mace ce da aka zalunta, kuma da shi za ka san makamin da ke cin ta.

Mataki na 4: Karanta kundin dodanni

Da zarar an gane dabbar, shafinta zai buɗe a kundin dodanni. A ƙasan shafin an jera abubuwan da ke cutar da ita: wane mai, wane bam, wace alamar sihiri. Wannan shafin shi ne takardar sayayyarka. Ga misalai uku:

Fatalwar tsakar rana, irin ta Devil by the Well: man fatalwa, bam ɗin Moon Dust, da alamar Yrden.

Cockatrice, dodo mai fukafuki na kwangilar Shrieker kusa da Crow's Perch: man dangin dodannin draconid, bam ɗin Grapeshot, da alamar Aard.

Leshen, tsohon mai gadin daji: man relict, bam ɗin Dimeritium, da wutar Igni.

Mataki na 5: Haɗa kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka shiga kogo ko fili, yi waɗannan:

Duba takobinka na azurfa, domin shi ke cin dodanni. Na ƙarfe na mutane ne da namun daji irin su kyarkeci. Takobin da ya dakushe yana rage ɓarna, don haka kai shi wurin maƙeri ko ka yi amfani da kayan gyara.

Shafa man da ya dace. Na farko yana ƙara ƙarfin sara da kashi 10 cikin 100, wanda aka inganta kashi 25, mafi inganci kuma kashi 50. In ka haɗa mai sau ɗaya ba ya ƙarewa a jakarka, sai dai ya goge daga kaifin takobi bayan wasu sare-sare.

Sa magunguna a wurin ɗauka da sauri. Swallow na mayar da lafiya a hankali, Thunderbolt na ƙara ƙarfin hari, Cat na buɗe ido a duhun kogo, Golden Oriole na kare ka daga dafi. Kula da ma'aunin guba, domin shan magunguna da yawa a jere yana fara cin lafiyar Geralt.

Zauna ka yi nutsuwar hutu. Matuƙar akwai barasa mai ƙarfi irin Alcohest a jakarka, hutun zai cika magunguna da bama-baman da suka ragu. A matakan wahala biyu na sama hutun ba ya mayar da lafiya, sai ka tanadi abinci.

Daga nan ajiye wasanka da hannunka.

Mataki na 6: Faɗan

Fara da Quen, garkuwar da ke shanye duka. A daƙiƙun farko kada ka yi gaggawar sara. Zagaya ka ga yadda dabbar ke kai hari da alamar da take yi kafin ta kawo duka. Manyan dodanni ba a tare dukansu da takobi, kaucewa ake yi. Ɗan tsallen gefe ya isa ga farce da cizo, mirginawa kuma sai ga harin da ke share fili. Sara biyu ko uku, ka ja baya, ka sabunta Quen.

Fatalwa takan zama kamar hayaƙi, takobi ya ratsa ta ba tare da ya yi mata illa sosai ba. Zana da'irar Yrden a ƙasa, ka ja ta ciki, sai jikinta ya kamu. Idan ta rabu gida gida, sare kwafin da sauri kafin su zuƙe lafiyarka su ba ta. Dodo mai tashi kuwa, jira ya kawo sura, ka harbo shi da baka ko ka buge shi da Aard, ka far masa kafin ya miƙe. Leshen na kiran kyarkeci da hankaki, yana fito da saiwoyi daga ƙasa, don haka kada ka tsaya wuri ɗaya.

Mataki na 7: Yanke hukunci

Ba kowace kwangila ke ƙarewa da jini ba, kuma a nan wasan ya fi nuna darajarsa. A An Elusive Thief, ɓarawon kasuwar Novigrad wata halitta ce mai rikiɗa, kana iya barinsa ya tafi. A In the Heart of the Woods, mutanen ƙauyen Fayrlund na Skellige sun rabu biyu: dattijo Harald yana son a sulhunta da mai gadin dajin bisa al'adar kakanni, matashi Sven yana son a kashe shi. Kowane zaɓi yana da abin da yake jawowa ga mutanen garin. Ka sani cewa barin halitta da rai na iya hana ka sinadarin jikinta da ake haɗa wani magani da shi. Duk da haka, yi hukunci da abin da bincikenka ya nuna maka. Geralt maharbi ne mai tunani, kuma wasan yana girmama ɗan wasan da ya tsaya ya yi tunanin.

Mataki na 8: Ɗauki shaida, karɓi lada

Bayan dodo ya faɗi, kwashe abin da ya bari, musamman kansa ko wani sashen jikinsa da zai zama shaida. Ana rataye wannan shaida a sirdin Roach, dokin Geralt, kuma kowace tana ba da ɗan ƙari, kamar ƙarin kuɗi ko makin gogewa. Leƙa kogon da kyau, sau da yawa akwai akwati a lungu. Sannan koma wurin mai kwangila. Wani lokaci za ka tarar talaka ne da ya tattaro abin da ya mallaka, kamar Odolan da ya miƙa kuɗin da ya tara don auren 'yarsa. Wasan ya bar maka zaɓin karɓa ko yafewa.

Idan sabon shiga ne kai, fara da Devil by the Well, ka bi da Shrieker, sannan Jenny o' the Woods a ƙauyen Midcopse. Waɗannan ukun za su koya maka bin sawu, sauko da mai tashi, da kama fatalwa a cikin da'ira. Wanda ya iya su ya shirya wa manyan kwangilolin Novigrad da Skellige.